Madarar da Ba Ta Juyawa

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma gaida duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a gindin gadon asibiti. Sunana Hajo. Rugarmu tana kusa da Tajaye, kuma labarin da zan bayar na jinyar mahaifiyata ne, wadda kasuwannin yankinmu suka sani da Inna mai nono. Allah ya yi mata rasuwa da kakar da ta wuce. Na rubuta ne don mai tsohuwa a gida ya san kumburin ƙafa ba abin rainawa ba ne, sannan don wata tambaya da ta tsaya mata a rai cikin jinyar, wadda har yau in na tuna sai in yi dariya ina share hawaye.

Inna doguwa ce, baki gare ta, ba ta ɗaukar raini ko daga mai kuɗi. Tun tana yarinya take ɗaukar ƙwarya, kuma ba a taɓa kama ta da surka nono da ruwa ba. Abin alfaharinta shi ne irinta, wato ɗan tsohon nonon da ake ɗigawa cikin sabuwar madara don ta kwana ta kama. Takan ce nata daga ƙwaryar uwarta ya fito, na uwar kuma daga na kaka, bai taɓa yankewa ba ko a shekarun fari. Madara kuwa, wadda aka tatso yanzu, ban taɓa ganin ta kai bakinta ba. Cewa take yi abincin maruƙa ne da marasa haƙuri.

Da bazara abin ya fara. Takalmin robarta ya soma matse ta, ta ce masu takalmi ne suka lalace. Sai na lura tana sauke ƙwarya a hanyar kasuwa ta huta, abin da ba ta taɓa yi ba. In na yi magana sai ta harare ni, ta ce ni da nake haki kamar tsohuwar jaka zan koya mata tafiya. Kafin ruwan farko ya sauka kumburin ya kai gwiwa, ga tari, kuma ba ta iya kwanciya a miƙe a ƙasa, sai dai ta jingina da buhun gero ta yi barci a zaune.

Nan fa masu shawara suka taso. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce ta taka wani abu ne a hanyar kasuwa. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce ta kanwa, domin mu makiyaya in saniya ta yi nauyi ta ƙi kiwo, jar kanwa muke ba ta, ta wartsake. Aka ce ai ciki ɗaya ne. Aka dinga jiƙa mata jar kanwa da sassaƙe, ga kunun kanwa kowace safiya. Muna ba ta da zuciya ɗaya, ita kuma tana ƙara cika kamar salka.

Ranar da ta kasa kai ruku'u a sallar la'asar, ƙanenta Kawu Buba ya ce wasa ya ƙare. Kawu shi ne babba a rugarmu, ya yi karatun allo har ya taɓa littattafai, shi ke ja mana salla. Muka ɗora ta a amalanke zuwa ƙaramin asibitin ƙauye. Manjo, wato babban ma'aikacin wurin, ya danna mata ƙwauri da yatsa, ramin ya tsaya kamar an danna curin fura. Ya tambaye mu abin da take sha. Da muka ambaci kanwa sai ya dafe kai, ya ce mu wuce babban asibiti a ranar, kada mu koma gida.

Ba zan ɓoye ba, makon farko na ji haushin asibitin nan ƙwarai. Layin yankar kati daban, layin awon jini daban, layin hoton ƙirji daban, kuma duk a rana, da tsohuwar da ba ta iya numfashi. Kowane layi ya ƙare sai a miƙo maka takardar magani. Kawu ya kai bijiminmu kasuwa a lokacin da shanu suke rame, dillalai suka ga idonsa suka gane matsuwa ce, suka yi masa yankan ƙauna. Bayan gidan ɗakin mata kuwa gara in yi shiru. Amma a wurin nan ne kuma na ga wata ma'aikaciya ta durƙusa tana goge wa Inna ƙafa da hannunta, tana kiranta Kaka, ba ta san mu ba, ba mu san ta ba. Allah ya saka mata da alheri.

Lokotoron, wato likitan da ya duba ta, bai yi mana dogon bayani ba. Ya ce zuciyarta ta gaji, ba ta iya kwashe ruwa, shi ya sa ruwan ya taru tun daga ƙafa har ya hau huhu. Ya ce ba za ta warke sarai ba, amma za a iya janye ruwan ta samu sauƙi. Ya hana gishiri, ya hana kanwa har abada. Ruwan sha ma sai a gora guda aka auna mata na yini, kuma nono a cikin lissafin ruwan yake. Inna ta yi ciniki da shi kamar tana kasuwar Malbaza, har ya yarda da ludayi ɗaya kowace rana. Daga gida ake aiko shi a motar kasuwa, don ta ce na wani ba zai wuce mata maƙogwaro ba, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ta tambaye shi ko ana kula mata da irinta.

A mako na biyu aka fara ganin idon sawunta. Magani yana aiki, ni kuma ina ta jigilar tasa, don maganin na fitsari ne. Muna murna, sai Kawu ya zo da niyyar alheri ya ɓata mana lissafi. Ya zauna bakin gado yana kwantar mata da hankali da labarin Aljanna, inuwarta da ƴaƴan itacenta, har ya kai ga ƙoramun madara wadda ɗanɗanonta ba ya juyawa. Ina kallon fuskar Inna a lokacin. Sai na ga ta kawar da kai ga bango.

Daga ranar ta rage magana. Inna da ke yi wa masu shara tsiya, ta koma sai jan tasbaha da istigifari. Tuwon da ba gishiri da ma da faɗa take ci, yanzu ta ture shi gaba ɗaya. Ludayin nonon ma sai ta riƙe shi tana kallo. Na ɗauka tsoron mutuwa ne ya kama ta. Sai wata hantsi ina yi mata wanka a bayan zane, ta riƙe hannuna ta yi ƙasa da murya.

"Hajo, madarar da ba ta juyawa, ƙaƙa za ta kwana ta zama nono?"

Na yi dariya, na ga ita ba dariya take ba. Ta ce in madara ba ta juyawa, to ba nono, ba mai, ba kaɗawa, ba abin da hannunta ya iya. Ta ce ba tsoron tafiya take ba, kowa zai tafi. Abin da ke cin ta shi ne an kwatanta mata gidan da kowa ke kuka ya samu, ita kuwa zuciyarta ta ƙi yin marmari, kuma tana ganin wannan butulci ne ga Allah. Tana tsoron ta mutu da wannan a ranta. Da na gaya wa Kawu sai ya ce ƙoramu ne na gaske kamar yadda aka faɗa, ba a yi wa irin wannan tambaya, ta yi ta istigifari. To ai shi take ta yi, kuma tana ramewa a kansa. Tun daga ranar na san jinyata ta zama biyu, kuma ta biyun ce ba ni da maganinta.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa Kirista daga wajen Dogarawa, Mama Saratu, ita ma ciwon zuciya. Gajeriya ce mai yawan raha, manomiya, hannunta kamar ɓawon itace. Da farko gaisuwa kawai muke yi, amma mutanen da aka hana gishiri tare ba su daɗewa ba su zama dangi ba. Tana da ƴaƴa maza biyu masu zuwa dubiya. Babbansu manomi ne kuma dattijo a majami'arsu, ƙaramin malami ne, yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Duk zuwansu sai sun karanta mata littafinsu, kuma duk karatun sai ya ƙare da gardama, don uwa ɗaya ce ta haife su amma kansu ba ɗaya ba.

Wata azahar aka tsuge da ruwa, kwanon ɗakin yana ta ƙara, tsakar asibitin ta zama tafki. Babban ya ga dama ta samu, ya buɗe labarin ruwan Annabi Nuhu ya ɗaga murya. Da ya gama, ƙaramin ya ce shi a ganinsa ruwan ƙasarsu ya cinye, su kuwa mutanen lokacin iyakar duniyarsu ke nan, kuma an ba da labarin ne don a koyi tsoron Allah, ba don a auna zurfin ruwa ba. Babban ya ce abin da aka rubuta shi ne duwatsu duka sun nutse, kuma shi ba zai rage wa maganar Allah ko taƙi ba. Suka yi ta yi. Sai na ji muryar da na kwana biyu ban ji ba. Inna ce, ta juyo daga bango tana tambayar wa ke tatsar saniyar cikin jirgin, kuma da wace harawa aka ciyar da ita duk tsawon zaman. Ta ce mu ma muna da labarin a wurinmu, kuma tun tana yarinya abin ke damunta.

Babban ya ce wanda ya rufe ƙofar jirgin shi ya ciyar da su. Ƙaramin ya yi murmushi kamar an ba shi gaskiya. Uwarsu ta tsawata musu duka, ta ce su bar cika wa marasa lafiya kunne. Sannan ta ba mu labarin shekarar da ƙorama ta ɓalle ta share musu unguwa. Ta ce a kan rumbu ta yini da ƙaramin nan goye a bayanta, wannan mai gardamar.

"Na duba gabas ruwa, na duba yamma ruwa. Wanda ad da ƙarfin awon duniya shi tai shi auna. Ni dai ranan ga duniya dut ta nutse, kuma Allah ya hisshe ni."

Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ranar ta ci rabin tuwonta.

Bayan ƴaƴan sun tafi, Inna ta sa na matsa mata da matashi kusa da gadon Mama Saratu. Ta tambaye ta yadda aka kwatanta gidan gobe a nasu littafin. Mama Saratu ta ce birni ne mai hanyar zinariya da ƙofofin lu'ulu'u, da kogi a tsakiya. Ta ce nan ma ƴaƴanta sun rabu, babban ya ce zinariya ce tsantsa, ƙaramin ya ce kwatance ne. Sai ta ɗaga ƙafarta mai faso ta nuna wa Inna, ta ce ita da ta taka kwaltar Tsarnawa ba takalmi da bazara, in aka ce mata hanyar ƙarfe ce ai gabanta faɗuwa yake. Ita inuwa take so da wurin sauke kaya. Inna ta zuba mata ido, sannan a hankali ta faɗa mata zancen madarar, abin da ni kaɗai ta taɓa gaya wa.

Mama Saratu ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi wa'azi ba. Ta ce ita ba ta sani ba ko zinariyar ta gaske ce, ba ta kuma san madarar Inna ba. Abin da ta sani, wanda ya halicce su ya san ƙafarta, ya kuma san bakin Inna. Daga nan suka shiga zancen jikoki. Ba zan ce tambayar ta tafi ba, amma Inna ta gane ba ita kaɗai ce tsohuwar da aka yi wa albishir ta rasa yadda za ta yi murna ba, kuma wannan ya sassauta mata. Ta koma cin abinci, ta koma yi wa masu shara tsiya. Ludayinta na nono kuwa ta dinga raba shi biyu, ta miƙa wa maƙwabciyarta rabi, bayan ta sa ni na je na tambayo izini.

An riga sallamar Mama Saratu. Da za ta tafi suka riƙe hannun juna suka daɗe, kowace ta yi wa ƴar'uwarta addu'a da irin bakin da ta iya. Mu kuma aka sallame mu da gero ya fara fitar da kai, da jakar magunguna da dogon gargaɗi a kan gishiri. Komawa awo duk wata shi ma wahala ce, ga kuɗin mota ga layi, kuma akwai lokacin da maganin ya yanke a kantunan kusa sai da aka nemo shi a Konni. Duk da haka Inna ta samu sauran damina a gida, tana zaune a inuwa tana ba da umarni, tana leƙa kowace ƙwarya tana kushe wankinta.

Da kaka ta yi ruwan ya fara dawowa, kuma wannan karon magani bai janye shi kamar da ba. Lokotoro ya gaya mana gaskiya. Inna ta ce a mai da ita gida, ba za ta cika a inda ba a jin kukan shanu ba. A kwanakin ne Kawu Buba ya ba ni mamaki. Ashe zancen bai bar ransa ba. Ba tare da ya gaya wa kowa ba ya hau babur ɗin kabu-kabu har Illela wurin wani tsohon malaminsa, ya kai tambayar yayarsa, wadda shi da kansa ya ce ba a yi. Ya dawo da ƙura har gira, ya durƙusa gabanta. Ya ce malam ya ce ƙoramun gaskiya ne, babu shakka, amma abin can da abin nan suna ne kawai ya haɗa su, kuma mai shiga gidan duk abin da ransa ya so zai samu. Ya ƙara da cewa malamin ya ce tambayarta ba laifi ba ce. Inna ta ce masa ashe bijimi bai ishe shi asara ba sai ya ƙara da kuɗin mai. Amma na ga ta dafa kansa, abin da ban taɓa gani ba.

Washegari da safe aka saki gonaki, za a kai shanu cin kara. Akwai wata maraƙa da aka haifa da damina, ba ta taɓa barin igiya ba. Na kwance ta, ta kafe ƙafa ta ƙi motsi. Na ja, na tura, har na fara zaginta. Ƙarshe na ɗebo dusa a tafin hannu na sa mata a hanci, ina ja da baya tana biyo ni, har muka fita daga rugar. Inna na jingine da buhunta tana kallo. Da na dawo sai ta kira ni da Kawu.

"Kun gani? In Hajo ta tsaya tana hwaɗa mata hwaɗin gona da daɗin kara, mi za ta gane? Ba ta taɓa gani ba. Sai an nuna mata abin da bakinta ya sani. Dusar ga ta gaskiya ta, ba ƙarya anka yi mata ba. Amma ba don dusa anka kira ta ba."

Kawu ya ce Allah shi ne masani. Inna ta ce ai shi ma abin da ta ce ke nan. Ta ce in na ga Saratu in gaya mata ta bar tsoron hanyar zinariyar, ba za ta ƙona ta ba. Daga ranar ban ƙara ganin ta kawar da kai ga bango ba. Tasbahar tana hannunta kamar kullum, amma yanzu godiya na fi ji a bakinta.

Masu karatu, ga abin da jinyar nan ta koya mani. In ƙafar tsohonku ta kumbura, ya kasa kwanciya sai a zaune, ku bar kanwa ga shanu ku kai shi asibiti tun yana iya takawa. In kuma ya yi shiru ya ture abinci, kada ku ce ciwon ne kawai. Ku zauna ku tambaye shi, kuma in abin da ya faɗa ya ba ku dariya ku haɗiye ta.

Ana saura kaɗan ta cika, da sassafe ina tatsa, ta aiko a kira ni. Na zo da ƙwaryar a hannu, madarar da ɗuminta da kumfarta. Na ce bari in ajiye in kawo mata ludayinta na nono. Ta girgiza kai ta nuna ƙwaryar da ke hannuna. Na ce mata Inna, wannan fa madara ce, ta yanzu.

"Na sani," ta ce. "Kawo in hwara sabawa."

Na tallafe kanta ta kurɓa sau biyu. Ta juya ta a baki kamar yadda take yi in tana gwada nonon wata a kasuwa, ta yamutsa fuska kaɗan, sannan ta ce ba laifi.

Allah ya jiƙanta, ya sa ta samu abin da ranta ke so. Bayan sadakar bakwai na ɗauki ƙwaryar nono na tafi Dogarawa na isar da saƙonta. Mama Saratu ta sha nonon tana kuka, ta ce bakin Inna ne sak. Irin yana hannuna yanzu. Kowace yamma nakan ɗiga shi cikin madara in rufe da faifai, kuma kowace safiya nakan tarar ta juya.